Ranar da Kogi Ya Taho da Rani

Tun ranar da Sharhabilu ya shigo Wudil da babur ɗin nan mutane suka rasa abin da za su kira shi. Bai yi kama da na malaman makaranta ba, masu ƙyalli da madubi biyu, waɗanda suka cika gari a shekarar ƙarin albashin Udoji. Wannan dogo ne siriri, tayoyinsa duk gargasa kamar bayan kada, an yi shi don ya taka kwalta ya kuma taka daji. Sharhabilu malamin dabbobi ne, aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, su kuwa rugage ba a bakin titi suke zama ba.

Amma yadda babur ɗin ya fito daga kanti bai gamsar da shi ba. Wata huɗu ya yi yana zarya garejin Ƙasimu bakanike a Sabon Gari. Suka cire farantin kaca na baya suka sa wanda ya fi shi faɗi, don ya riƙa ja a cikin rairayi ko da gudunsa zai ragu. Suka yanke salansa suka yi mata walda ta ɗaga kai sama har gindin sirdi. Daga nan Sharhabilu ya shiga yaƙi da nauyi. Madubai suka tafi, kariya ta tafi, matakan fasinja suka bi su, aka datse sirdin ya koma na mutum ɗaya tak.

Ƙasimu ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, in muka ci gaba a haka, wata rana inji za ka hau tsirara."

"Ai injin nake so, oga. Sauran duk kwalliya ce."

Ya so babur ɗin so mai tsanani, irin wanda mutum ke jin kunyar faɗa. In ya sauka cikin busasshen kogi da rani, ya miƙe tsaye a kan matakai, ya ja jiki baya, ya buɗe wuta, sai ya ji kamar ƙasa ta sake shi. Ya koyi cewa rairayi ba ya son mai shakka: ka sassauta wuta ƙafar gaba ta nutse, ka ji tsoro ka sha ƙasa. Mahaifinsa kuwa, Malam Gwadabe, tsohon masunci da gwiwa ta mayar da shi mai lambu, kallo ɗaya ya yi wa abin ya ce shi dai bai taɓa ganin dabbar da ake rage wa kaya tana ƙara kuka ba.

Ranar wata Talata ce, tsakiyar rani. Sharhabilu ya gama allura a wata ruga da ke sama da gari, tafiyar mil huɗu ko biyar, ya ga gara ya biyo cikin kogi ya miƙe zuwa gida. Ya gangara, ya kashe inji, ya durƙusa yana rage iskar tayoyi kamar yadda ya saba kafin ya shiga rairayi. Rana ta take. Ko'ina fari fat, babu motsin komai.

Sai ya ji wani sauti, ƙasa-ƙasa, kamar ana soya gyaɗa a cikin yashi.

Ya ɗaga kai. Can inda kogin ya yi kwana, wani abu yana rarrafowa a kan rairayi, mai kumfa a baki, yana ture karmami da busasshen kashin shanu da wani tsohon takalmin roba. Da farko ya ɗauka kawalwalniya ce. Ya murza ido. Abin bai ɓace ba, ƙara faɗi ma ya yi, ya kama daga wannan gaɓa zuwa waccan, bayansa kuma yana walƙiya har iyakar gani. Sharhabilu ya tsaya baki sake. Bai motsa ba har harshen abin ya iso, ya zagaye takalminsa, ya haura idon sawu. Sanyi ƙalau.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ruwa ne. Kogi ne sosai, da rani, saura wata uku cur a ga hadarin farko.

Sai maganar da ya ji da asuba ta faɗo masa, ta bugi ƙirjinsa. Baba ya ce yau zai yashe rijiya. Kowane rani Malam Gwadabe yakan yi lambu a kan wani tudun jigawa da ke tsakiyar kogi, ƙasa da gada, albasa da kankana da ɗan dankali. A gefen lambun yake haƙa rijiya a cikin rairayi, zurfinta ya fi tsayin mutum da rabi. Yanzu haka yana can ƙasanta, shi kaɗai, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa.

Bugu ɗaya babur ya tashi. Ya fita daga bakin ruwan yana watsa laka, ya miƙe tsaye, ya buɗe wuta har ƙarshe.

Gudun ruwan bai fi sassarfar mutum ba, don haka nan da nan ya bar shi a baya. Da zai miƙe kai tsaye da ya isa da sauran lokaci mai yawa. Amma cikin kogi da rani gari ne guda. Ya fara cin karo da mata suna wanki a bakin ramukan da suka tona.

"Ku fita! Kogi ya taho! Ku hau gaɓa!"

Matan suka daina cuɗa. Gaba ɗayansu suka ɗaga kai suka dubi sama. Sama kuwa wankakkiya, shuɗiya, ko tsumman gajimare babu. Suka sauke ido suka dube shi, wata ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Wallahi tallahi ruwa ne! Ku dubi wandona!"

Wata dattijuwa ta dubi jiƙaƙƙen wandon, ta dubi fuskarsa, ta fara tattara kaya. Sauran suka bi ta da gunaguni.

Gaba kaɗan ya tarar da tifa ana yi mata lodin yashi, don a shekarun nan kowa gini yake yi, yashin Wudil kuma har Kano ake kai shi. Ya yi musu ihu. Masu shebur shida suka tsaya cak, su ma suka ɗaga kai sama. Direban, yana kwance a inuwar mota, ya ɗaga hular da ya rufe fuska da ita.

"Malamin dabbobi, yau allurar shanun ka yi wa kanka ne?"

"Ka fitar da motarka, na gaya maka!"

"To, in ya iso ka ce ya jira mu gama lodi."

Suka bushe da dariya. Sharhabilu ya ji hawayen takaici ya cika masa ido. Ya fizgi babur, bai lura da kwarin da tayoyin tifar suka yanka ba. Ƙafar gaba ta faɗa ciki, ya tashi sama ya zube a kafaɗa, bakinsa cike da rairayi. Dariyar ta ƙaru. Ya tashi ya ɗaga babur, ya buga, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Mai ya cika wa injin ciki. Ya yi ta bugu yana salati, gumi na shiga masa ido, sai a karo na tara ko na goma injin ya yi tari ya kama. Bai san minti nawa ya ɓata a wurin ba. Bai yarda ya waiwaya ba.

Ya wuce ta ƙarƙashin gada kamar an harbo shi. Ga tudun can, kore shar a tsakiyar farin rairayi, ga sandar jigon ɗiban ruwa ta yi tsaye, ga yashi yana fitowa daga ƙasa ƙwarya-ƙwarya yana zuba a gefe. Ya jefar da babur ya ruga ya kwanta a bakin rijiyar, inda aka gicciye kututturen giginya.

"Baba! Baba, ka fito! Kogi ya taho!"

Tsohon yana ƙasa, daga shi sai guntun wando, ruwa iya idon sawunsa. Ya kare ido da hannu.

"Wane kogin?"

"Wannan da muke ciki, Baba! Yana bayana!"

"Malamin shanu, rana ta buge ka. Ga randa can a gindin rumfa, sha ka zuba a ka."

"Na taɓa shi da hannuna!"

Malam Gwadabe ya ɗaga kai ya dubi ɗan zagayen saman da ke bisa kansa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da kwasar yashi.

"Shekara sittin ina kwana ina tashi da kogin nan. Kafin ya zo sai gabas ta yi duhu kwana da kwanaki. Sai iska ta juya. Sai tururuwa ta kwashe ƙwanta ta hau gaɓa. Ka ga ko ɗaya a hanya?"

"Ban gani ba, amma..."

"To, ka bar ni in yi aikina. Albasa ta kwana biyu ba ta sha ba."

"Don girman Allah, Baba. Ka fito ka zage ni a waje. In ƙarya nake ka sa a ƙona babur ɗin, na yarda."

"Wannan kuwa magana ce," in ji tsohon, har da ɗan murmushi. Ya cika ƙwarya ya ɗaga zai watso.

Sai ya tsaya, ƙwaryar a sama. Ya dubi ƙafafunsa. Ruwan da ke idon sawu ya kai ƙwauri. Yana kallo ya haura, a hankali, ba ƙara, ba kumfa, yana ɓulɓulowa ta ƙasa ta gefe. Murmushin ya bushe a fuskarsa.

"Wa ke zuba min ruwa a rijiya?" ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

Sharhabilu ya waiwaya. Kogin ya iso. Ya rabu biyu a goshin tudun, ya bi kwarin dama da na hagu, yana tsotsewa cikin rairayi yana ƙara tahowa.

"Tsani, Baba! Kama tsani!"

Tsohon ya saki ƙwarya ya miƙa hannu. Bai kai ba. Bangon rijiyar na gabas, wanda ruwa ya jiƙa masa gindi, ya saki gaba ɗaya da wani irin nishi, ya tafi da zanar da aka tokare shi da ita, ya binne tsanin, ya kama tsohon har ƙugu. Malam Gwadabe bai yi ihu ba. Ya dai buɗe baki, idanunsa waje, yana kallon yashin da ya riƙe shi kamar wani ɗan'uwa ne ya ɗaga masa hannu.

Sharhabilu ya san in ya dira ciki sauran bangon zai biyo shi. Ya zaro wuƙa daga jakar aikinsa, ya yanke igiyar jigo, ya jefa.

"Ɗaura a hammata!"

Hannun masunci bai manta ƙulli ba. Sharhabilu ya ɗora igiyar a kan kututturen giginya, ya kafa ƙafa, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi, har tafin hannunsa ya sale. Ko motsi. Jiƙaƙƙen yashi ya riƙe tsohon gam, ruwa kuma ya hau saman yashin ya kai masa cibiya.

Ya dubi babur ɗin da ke kwance. Ya ɗaga shi, ya juya bayansa ga rijiya, ya ɗaura igiyar a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi.

"Baba, zai yi ciwo. Ka riƙe igiyar da hannu biyu, kar ka saki."

"Da wannan abin za ka ja ni? Ni saniya ce?"

Sharhabilu ya buga babur, ya sa giya ta ɗaya, ya saki kuloci a hankali. Igiya ta miƙe tana kuka. Tayar baya ta juya a wuri ɗaya, tana feshin yashi tana haƙa wa kanta rami. Ya dira, ya fizgo zanar rumfa, ya cusa a ƙarƙashin tayar, ya koma ya zauna can ƙarshen sirdi da duk nauyinsa. Ya sake saki. Gargasar taya ta ciji zana, babban farantin nan ya ja kaca, babur ya yi gurnani ya matsa taki ɗaya. Ya tsaya. Ya ƙara rabin taki.

Daga cikin ramin wata murya ta fito, mai kaifi, ta keta ƙarar inji.

"Sharhabilu! Sharhabilu, ja!"

Tsigar jikinsa ta tashi. Shi ɗan fari ne, kuma tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakin mahaifinsa ba, sai yau. Ya runtse ido ya ƙara wuta. Wani abu ya saki a bayansa, babur ya yi tsalle gaba, ya kashe shi ya bar shi ya faɗi. Tsohon yana rataye a jikin kututture, ƙirji a goge, jini na tsattsafowa. Sharhabilu ya kama shi ta hammata ya jawo shi waje. Ko numfashi biyu ba su yi ba sauran bangon ya rufta. Inda rijiya take ya zama wani ɗan kwari mai tafasa da kumfa.

Malam Gwadabe ya yi ƙoƙarin miƙewa, ƙafar ta ƙi. Ruwa ya riga ya shiga kunyoyin albasa. Gaɓar da ta fi kusa taki arba'in ce ko hamsin, tsakaninsu da ita kuwa kogi yana tafiya, yana ƙaruwa. Mutane sun taru a can suna ɗaga hannu suna ihu.

"Hau, Baba."

Tsohon ya dubi guntun sirdin, ya dubi inda ya kamata a ce akwai mataki.

"Ina zan hau? Ka cinye wurin zaman."

Sharhabilu ya ɗauke shi cak, bai taɓa zaton haka ya rame ba, ya ɗora shi a kan tankin mai, ya damƙa masa tsakiyar kan babur a hannu. Ya zauna a bayansa, hannayensa biyu sun kewaye shi, furfurar ƙeyar tsohon tana taɓa masa haɓa.

"Bismillahi."

Suka faɗa ruwa. Ruwan ya kai rabin taya. Ya kai inji, tururi ya tashi fuu ya rufe musu fuska. Salansar da ke sama ta ci gaba da bugawa. Kogin yana ture su gefe, Sharhabilu ya karkata kan babur wajen saman kogi kaɗan yana yanka shi, yana jin tayar baya tana rawa a ƙarƙashinsa, zuciyarsa na ce masa sassauta, hannunsa ya ƙi. Taki ashirin. Talatin. Ya fara gane fuskokin mutanen gaɓa. Sai ƙafar gaba ta taka wani wuri mai laushi ta lume har wuya. Injin ya shaƙi ruwa, ya yi shiru.

Sharhabilu ya zame ya tsaya, ruwa iya ƙugu, rairayi yana zarewa a ƙarƙashin sawunsa. Ya juya baya ya goya mahaifinsa. Taki ɗaya, ya zare ƙafa da ƙyar, wani takin. Wani mai lambu ya miƙo gora daga gaɓa, ya kama, hannaye suka yi musu caa suka jawo su sama.

Ya kwantar da tsohon a gindin wata bishiyar mangwaro. Mutum ya fi hamsin a gaɓar nan, masu lambu, masu jakai, matan da suka gudo da wanki a ka, kowa ya zuba wa kogin ido. Tudun ya nutse, sai ganyen albasa ke leƙowa. Kan babur yana tsaye a cikin ruwa, ciyayi na taruwa a jikinsa. Wani ya ce ƙasa-ƙasa wai wata tifa na can sama da gada, ruwa ya kai mata ƙofa, direban yana kan rufi yana kiran sunan Allah. Ba wanda ya yi dariya.

Halliru malamin gona ne ya iso a keke yana haki, ya ratsa mutane.

"Kowa ya fita? Alhamdulillahi. Madatsar ruwan nan ce da aka gama can sama. Sun buɗe ƙofa. An ce an faɗa a rediyo."

Malam Gwadabe ya ɗago kai. "Ƙofa?"

"Ƙofa, Baba Gwadabe. Ta ƙarfe."

"Kogin ne da ƙofa?"

Halliru ya gyaɗa kai.

"Ku matsa da ni bakinsa."

Sharhabilu ya so ya hana, ya ga idon tsohon, ya fasa. Ya tallafe shi har bakin ruwa. Malam Gwadabe ya ture kumfa da bayan hannu, ya kamfato, ya shinshina. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Sabon ruwa ja ne," ya ce. "Da ɗumi yake zuwa, da ƙanshin ƙasa. Wannan sanyinsa kamar na ƙasan randa. Wannan bai ga hadari ba."

"Na daminar bara ne," in ji Halliru. "Tare shi aka yi."

"Ruwan bara."

"Na bara."

"To gobe fa? Zai tafi, ko zai zauna?"

"Sai yadda masu ƙofar suka yi, Baba."

Tsohon ya buɗe hannu, sauran ruwan ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya kama wuyan hannun ɗansa ya riƙe. Sai Sharhabilu ya ji rawar da tsohon yake yi, tun daga yatsu har kafaɗa, irin wadda bai ji a jikinsa ba ko lokacin da ya jawo shi daga ramin. Haƙoransa har haɗuwa suke yi, da tsakar rana.

"Kai ni gida," ya ce a hankali. "Ba na son in ƙara kallonsa yau."

Sharhabilu ya durƙusa ya sake goya shi. Mutane suka dare suka ba su hanya, ana ta sannu, sannu, Allah Ya kiyaye gaba. Ya hau gangaren da ƙafa ɗaya ba takalmi, kafaɗarsa na zafi, tafin hannunsa na zugi. A tsakiyar bayansa yana jin zuciyar tsohon tana bugawa da sauri, da ƙarfi, ba ta tsaya ba. Ya sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa, ya ƙara gyara goyon, ya nufi cikin gari.